Ranar da Na Ɗage Wankan Jego

Mu huɗu ne a gidana na Gyaɗi-Gyaɗi ran nan: ni, da 'yata mai koyarwa a jami'a, da matar autana, sai jaririnta ɗan kwana goma sha shida. Uwar matar autan nawa ta rasu, shi ya sa jegon ya faɗo hannuna.

Ni ban san wasa da jego ba. Ana kiran assalatu nake hura wuta, ruwa na tafasa in tashe ta, in yi mata wanka da ganyen darbejiya. Daga nan kunun kanwa, daga nan 'yan barka, na Tarauni da na Daurawa, kowacce sai ta tashi zaune ta gaishe ta. In na leƙa da hantsi na ga ta kishingiɗa, sai in buga ƙyaure. Ba a yi min tarbiyyar kwanciya rana tsaka ba.

Amma yarinya kullum sai ramewa. Ta zuba wa bango ido, hawaye na bin fuskarta, a ce me aka yi miki, ta ce babu. Har cewa ta yi, "Hajiya, yaron nan bai yi sa'ar uwa ba." Na ce iska ce, na aika a sayo turare.

'Yata kuwa ta yi shekaru tana bincike a kan barci da lafiyar ƙwaƙwalwa. Da ta fara, dariya na yi mata: a ce mutum ya ƙure boko a kan abin da akuya ma ta iya! Ran nan ta shiga ɗakin mai jegon, suka daɗe, ta fito ta zauna a gefen tabarmata.

"Inna, awa nawa take barci?"

"Ni agogo ce?"

"Kin fi agogo. Ko ƙadangare bai isa ya gifta gidan nan ba ki gani ba."

Na bi ranar a raina ɗaya bayan ɗaya. Dare na yaro ne. Asuba tawa ce. Hantsi na baƙi, la'asar wanka na biyu. Na nemi inda barcin yake, na rasa.

"Haka aka yi min," na ce, "kuma ga ku nan, ku bakwai."

"Ke kika ba ni labarin kukan da kika riƙa yi a bayan rumbu lokacin goyon Yaya. Wa kika gaya wa a lokacin?"

Ban gaya wa kowa ba. Na ce ta tashi ta ba ni wuri, ta ƙi.

"Jibi zan kai ta asibiti a duba ta, don wannan ba abin sakaci ba ne. Amma likita ba zai zo ya tsare mata ƙofa ba, Inna. Ke kaɗai ake tsoro a layin nan."

Washegari na yi salla, na hura wuta kamar kullum. Mai jegon ta idar da tata sallar, ta ba yaro nono, ta ɗauko zanen wanka. Na karɓe yaron na goya, na ce ta koma ta kwanta. Ta tsaya kallona, sai da na daka mata tsawa. Na ɗora kujerata a bakin ƙofar. Mata uku 'yan barka na mayar tun daga soro, ɗaya har da tsaki. Ruwa ya huce na sake ɗorawa, ya sake hucewa.

Sai wajen goma ta fito, fuska duk shatin matashi. "Hajiya, yunwa nake ji," ta ce. Na tashi na zuba mata ɗumame, na ƙara man shanu.