Rautar da ke Kwana Cikin Rigar Nasiru

Ba na jin zan manta da Juma'ar nan ta bazara da na koma gidan Inna Hajo a Maiyama karo na uku. Wata biyu ke nan. Malam Sama'ila, mai shagonmu, shi ya ce in rubuta domin ku da kuka fara aiki bayana.

Shagonmu a Jega yake, kusa da kasuwa. Muna gyaran waya, muna kuma sayar da rauta, wato ɗan akwatin nan mai fitilu da ake sa wa layi ya jawo sabis ya raba wa wayoyin gida. Malam Sama'ila ne babba, sai masu gyara biyu maza, sai ni a ƙasa. An ɗauke ni bayan na gama sakandare saboda akwai gidajen da baƙo namiji ba ya wuce zaure. Irin waɗannan ni ake turawa.

Inna Hajo tana da ɗa, Nasiru, mai fataucin albasa daga Aliero zuwa Kumasi, har ya yi aure can ya zauna. Shekara uku bai zo gida ba. Mahaifinsa, Malam Umaru, ya kwanta ciwo, ba ya iya fita tsakar gida, sabis na waya kuwa ba ya shiga ɗakinsa sosai. Shi ya sa Nasiru ya sa muka ba wani ɗan uwansu rauta ya kai, domin ya riƙa ganin tsohon ta bidiyo duk Juma'a bayan masallaci, lokacin da ba ya lodin albasa. Sai ga ƙorafi: in an fara magana, kamar minti goma, sai fuskar Nasiru ta daskare, rautar ta sandare, ba ta dawowa sai can da yamma lokacin ya koma aiki.

A wannan aiki akwai tsari. Ka duba wuta, ka duba ko data ta ƙare, ka duba ƙarfin sabis, ka ga wayoyi nawa ne a kanta, ka kashe ka kunna. In duk sun ƙi, ka tsokani ɗan ramin bayanta da allura ta koma kamar sabuwa.

Zuwana na farko ranar Laraba ne. Inna ta shimfiɗa mini tabarma ƙarƙashin dogonyaro, ta kawo fura, sannan ta shiga ɗaki ta fito da rautar a kan faifai, da hannu biyu, kamar mai kawo tuwon baƙo. Na jona ta da batirin sola na bi tsari ɗaya bayan ɗaya. Fiye da rabin awa ina kallon bidiyo, ko gezau. Na ce mata lafiya lau. Ranar Juma'a ta sake daskarewa. Na koma wata Larabar, na sauya caja, na tsokani ramin. A inuwar nan dai ta yi aiki kamar ba ita ba. Juma'a ta zo, ta sake.

Malam Sama'ila ya kira ni ya ce, "Zulai, sau biyu kin tai, sau biyu kin ce lahiya lau. Ko dai rautag ga kunyarki take ji?"

Na ce, "Malam, ko a sauya musu wata?"

Ya ce, "A sauya mi? Ba ki san ciwonta ba. Ki tai ran Juma'a, lokacin kiran, ki gani da idonki."

A nan zan faɗi abin da ban faɗa masa ba. Tun zuwan farko na ji tarin tsohon daga ɗaki, na ji ƙamshin jiƙo da man zafi. Haka ɗakin Babanmu yake wari a hutun ƙarshe da na gan shi. Ina makarantar kwana ya rasu, sai bayan an binne shi aka zo ɗaukata. Don haka da Inna ta riƙa fito mini da rautar waje, daɗi na ji. Ban tambayi inda take zama ba saboda ina tsoron a ce in shiga.

Ranar Juma'ar na isa ana sallame salla. Inna ta miƙe za ta ɗauko faifai, na ce, "Inna, yau a bar ta inda take. Ni zan shiga."

Ta dube ni. "Ɗakin majinyaci na, ɗiyata. Ba shi da daɗin shiga ga baƙo."

"Ai na sha furarki sau biyu, na wuce baƙuwa."

Ta ɗaga labule. Zafin kwanon rufi ya buge ni. Malam Umaru na kwance, ya rame har zoben hannunsa an ɗaure shi da zare. Na durƙusa na gaishe shi. Wayar ta yi ƙara, Inna ta riƙe masa ita a gaban fuska. Suka gaisa, Nasiru na tambayar jiki, tsohon na cewa da sauƙi. Ni ina ta waige ban ga rauta ba. Can sai Nasiru ya ce, "Baba, bari in nuna maka…" sai bakinsa ya tsaya a buɗe.

Tsohon ya ce a hankali, "Ya tsaya kuma."

Na bi igiyar caja da ido har cikin kabad mai gilashi inda Inna ke jera kwanoninta. Na buɗe. Ga ta nan bayan kwanoni, a naɗe cikin wata tsohuwar riga mai kauri, ninki uku, an kuma rufa mata ƙyalle a sama. Da na taɓa ta sai da na janye hannu.

"Inna, me ya sa aka naɗe ta?"

"Abin da ɗana ya aiko na, in bar shi tsirara ɓera shi hau? Rigatai ce da ya bari. Na ce su zamna tare."

Duk 'yan ramukan da take shan iska da su, rigar ta toshe. Kiran bidiyo kuwa yana ƙara mata zafi. Na warware ta, na kashe na kunna. Fitila ɗaya ta yi ja, sannan duk suka mutu. Na sake, shiru. Na ce shi ke nan ta ƙone a hannuna, Jega da nisa, kuma ko ni da ba likita ba na ga tsohon nan ba lalle ya kai wata Juma'ar ba. Na kira Malam Sama'ila ina kuka.

Ya ce, "Bar kuka. Cire wuta, ki aje ta inda iska ka bugawa. Kada ki taɓa ta sai ta huce sarai."

Na ɗora ta bakin taga a kan 'yan duwatsu biyu. Inna ta ɗauki mahucin da take yi wa mijinta fifita da shi ta koma yi wa rautar. Malam Umaru ya ɗan yi murmushi ya ce, "Ashe ni da ita zazzaɓi guda muke." Na ga gumi na bin wuyansa, ba mai yi masa fifita. Na ɗauki faifan nan na zauna bakin gadon. Ban san minti nawa muka yi a haka ba. Ina kaɗa faifai ina kallon farin gemunsa, ina tunanin wa ya zauna haka kusa da Babanmu, da kuma ko ya tambaye ni.

Da ta yi sanyi na jona, na yi bismilla. Ja, sannan kore, sannan kore na biyu. Nasiru ya sake kira. Abin da yake son nunawa ɗiyarsa ce da ta fara tafiya, mai sunan Inna. Tsohon ya ce a matso da ita, ya sake cewa a matso da ita. Suka yi maganar rumbu, da gonarsu ta Karaye, da wanda zai noma ta bana. Ba ta daskare ba har aka kira la'asar. Nasiru ne ma ya kasa cewa sai an jima.

Ranar Litinin da hantsi Allah ya yi wa Malam Umaru rasuwa. Da na je gaisuwa na tarar da rautar a bakin taga ba komai a kanta, rigar kuwa a kafaɗar Inna. Ta ga ina kallo, ta ce, "Ita ba ta son riga. Ni ina so."

Kowa ya ce na yi ƙoƙari. Ni dai abin da na sani, Juma'a biyu suka wuce uba da ɗa suna kallon hoton da ba ya motsi, kuma da na ɗaga labulen nan tun farko da sun same su. Mutanenmu abin da suke so shi suke rufewa, baƙo kuma waje ake fito masa da abu. Saboda haka in an kawo muku na'ura a kan faifai, ku gode, ku sha furar, sannan ku ce a kai ku inda take kwana, ko da ɗakin da kuke tsoro ne.