Motar Shata a Gaban Tsamiyar Malam

Shekarun baya, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, yanar ido ta sauko wa mahaifina a idanu biyu. Muna zaune a Funtua a lokacin, ni ina aikin awon auduga. Abin ya faro da kasa karanta ƙananan rubutu, sai ni nake karanta masa wasiƙun ajami da ake aiko masa. A hankali ta kai sai mutum ya yi magana yake gane ko wane ne.

Malamin asibiti ya duba shi ya ce ana cire irin wannan yana a Kano. Ya ba mu takarda mai ɗauke da rana, ya kuma ja mini kunne: kati ake yanka da safe, ƙarfe sha ɗaya ake rufe taga, wanda ya makara sai a sake masa wata rana, wataƙila bayan damina.

Abokina, wanda muke awo tare, ya ce mu hau jirgin ƙasa tun ana gobe mu kwana a Kano. Shawara ce mai kyau, shi ya sa ban ɗauka ba. Na riga na ƙyalla ido a kan wata mota ta wani Bayarabe ɗan kasuwa, wadda yake bayarwa shata. Doguwa ce, baƙa wul, kujerunta kamar katifar rimi, in ta wuce ko ƙara ba ta yi. Na ce wa abokina saboda jikin tsoho nake so.

Ya ce, "Tsohon da ba ya gani? To wa zai ga motar, shi ko mutanen unguwa?"

Na yi dariya na share. Amma ai ya faɗi gaskiya, domin da gangan na sa tafiyar ta zama bayan gari ya waye, lokacin da kowa ke ƙofar gida.

Direban ɗan mai motar ne, magidanci haifaffen Funtua, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Ya buɗe wa mahaifina ƙofar baya. Mahaifina ya shafa kujerar da tafin hannu, ya yi bisimilla, ya zauna a bakin-bakinta kamar wanda ya je gaisuwa gidan surukai.

Akwai wata ɗabi'a ta mahaifina da sai an san ta labarin zai fito. Ba ya wuce na gaba da shi yana bisa abin hawa. Jaki ne, keke ne, sai ya sauka ya gaisa da ƙafafunsa a ƙasa. Wanda ya fi kiyaye wa wannan kuwa shi ne malaminsa, dattijon da ya karantar da shi fiƙihu, wanda ke zaune a wani ƙauye gaba da Bakori kafin a kai Malumfashi. Kullum da hantsi Malam na kan buzunsa a gindin wata tsamiya a bakin hanya. Shekara arba'in mahaifina bai taɓa wuce tsamiyar nan a zaune ba. Ko a babbar mota yake, sai ya buga jikinta an tsaya, ta tafi ta bar shi ya jira wata.

Ni ɗan fari ne, ba ya kiran sunana. Muna tashi ya ce, "Kai, idan mun zo wajen Malam ka faɗa mini."

Na ce, "To, Baba."

Kafin mu bar Funtua mun tsaya sau biyu, ɗaya don limamin unguwa, ɗaya don wani kawunsa. A Bakori ma ya ji muryar wani tsoho a bakin kasuwa ya ce a tsaya. Gaisuwar mahaifina kuwa ba a yi mata gaggawa, sai an tambayi gida, an tambayi gona, an tambayi ƙafar da ta yi ciwo bara. Da muka koma mota direba ya nuna mini agogonsa ta madubi, ya ce a hankali, "Maigida, in aka ƙara ɗaya irin wannan, sai dai mu je Kano cin kasuwa."

Na san zama wajen Malam ba ya kasa sa'a guda. Na dubi idanun mahaifina, fari fat kamar an ɗiga nono. Na ɗaga wa direba hannu na yi masa alamar ya miƙe kawai.

Da a babbar mota muke, da mahaifina ya gane wurin da kansa, don akwai wani kwalbati kafin ƙauyen da ke jijjiga mutum har haƙori. Wannan motar kuwa ta haye shi kamar kwalekwale a kan ruwa. Daɗin da na biya kuɗi na saya, shi ya ɓoye masa hanya.

Na hango tsamiyar. Malam na nan da mutum uku ko huɗu. A zamanin nan irin wannan mota ba ta bin hanyar sai da hakimi ko wani minista daga Kaduna. Ina kallo mutanen suka miƙe. Malam ya dafa sandarsa ya tashi da ƙyar, tsoho mai shekara tamanin da wani abu, ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa a bakin hanya, ya ɗaga hannu yana jinjina.

Na sunkuyar da kaina ƙasa da taga. Direba ya ce, "Subhanallahi." Mahaifina yana gefena yana jan carbi.

Sai da muka shiga Malumfashi ya ji 'yan kamasho na kiran Funtua da Katsina, ya ɗago kai.

"Kai, ina ne nan?"

"Malumfashi ne, Baba."

"Malam fa?"

Na ce, "Ba kowa a gindin tsamiyar, Baba. Shi ya sa ban yi magana ba."

Can ya ce, "Da hantsi? Malam ba ya waje da hantsi? Allah ya sa lafiya."

Mun isa Kano ana saura kaɗan a rufe taga. Aka karɓe shi, aka yi aiki a idon dama, aka ce na hagu ya riga ya lalace. Mako biyu muka yi, yana kwance da ƙyalle a fuska. A nan na san nauyin abin da na ɗauka, domin bayan kowace salla sai ya ɗaga hannu ya roƙa wa Malam sauƙi. Wani lokaci ya ce, "Ko ƙafar ce ta tashi? Ko zazzaɓi ne?" Ni kuma in ce amin, in ce Allah ya sawwaƙe, ina taya shi addu'a a kan ciwon da ni na ƙirƙira.

Ranar da aka kwance ƙyallen aka sa masa tabarau mai kauri, ya dube ni ya ce, "Ashe ka yi furfura." Na yi murna har da hawaye, amma murnar da ƙaya a cikinta.

Motar ta dawo ɗaukarmu kamar yadda muka shirya. Duk hanya mahaifina na manne da taga yana kiran sunan abubuwa: ga dawa, ga rimi, ga mata da tulu. A Malumfashi muka tsaya sallar azahar. Muna sa takalma ya ce a saya wa Malam goro da zuma, mara lafiya na son zuma. A nan na kasa jurewa. Na durƙusa a ƙofar masallacin na faɗa masa duka, har da tuɓe takalman, har da jinjinar.

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya juya wajen direba.

"Ɗan nan, kai ma ka gani?"

"Na gani, Baba."

"Malam ya durƙusa?"

"Ya durƙusa, Baba."

Muka kama hanya har muka kusa ƙauyen. Da sauran tafiya mai ɗan nisa ya ce a tsaya. Ya sauka, ya tuɓe takalmansa ya riƙe, ya kama hanya a cikin rana. Na bi shi a baya, motar na biye da mu a hankali kamar saniyar da aka sayo daga kasuwa.

Malam na nan inda yake. Mahaifina ya zube tun daga nesa, ya ce, "Allah gafarta Malam." Bayan an gaisa ya nuna ni da haɓa ya ce, "Wannan yana da magana."

Na faɗa. Ban rage komai ba.

Malam ya saurara yana shafa gemu. Sai ya leƙa bayana ya hango motar, ya kwashe da dariya har yana tari.

"Ashe ku ne! Mako biyu ina ba mutane labarin wani minista mara tarbiyya da ko hannu bai ɗaga mini ba."

Mutanen wurin suka yi dariya. Mahaifina bai yi ba. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni aka durƙusa wa. Ina zan kai wannan?"

Malam ya ce, "Kai ka ga na durƙusa? Ba ka gani ba. Yaro kuma lokaci yake gudu da shi. Ni fa? Tun kafin a haifi wannan nake koya muku wanda ya cancanci a sunkuya masa, sai ga ni na zube wa baƙin ƙarfe ban ma san wa ke ciki ba. In akwai mai neman gafara a nan, ni ne." Ya zaro wata takarda daga cikin gafakarsa ya miƙa masa. "Bar wannan. Karanta mini in ji ko tafiyar ta yi amfani."

Mahaifina ya gyara tabarau ya karanta layi uku bai yi tuntuɓe ba. Malam ya ce alhamdu lillahi, ya sa aka kawo fura.

Na ɗauka an gama. Sai da muka koma mota, mun kusa Bakori, mahaifina ya yi magana yana kallon taga.

"Da ka ce mini mun makara, da ni zan ce a wuce. Malam uba ne, in na dawo in ba shi haƙuri. Amma ka ce mini ba kowa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Na daɗe ina juya wannan al'amari. Har yau ban ce tsayawa ce daidai ba, domin da mun tsaya da wataƙila ya ƙare rayuwarsa a duhu. Abin da na gane shi ne ni ban yarda da shi ba. Na ɗauka tsoho ne mai taurin kai da ba zai iya auna ido da gaisuwa ba, sai na yanke masa hukunci ni kaɗai, na kuma rufe da ƙarya a lokacin da ba shi da hanyar sanin gaskiya sai ta bakina. Wanda Allah ya ɗora wa jan makaho, ba hannunsa kaɗai aka ba shi amana ba.

Tun da idon hagu bai warke ba, duk inda mahaifina za shi yana bukatar mutum a wannan gefen, mai faɗa masa wa ke tahowa, don kada ya wuce babba bai gaisa ba. Bayan dawowarmu sai ya ba ƙanena wannan wurin. In za mu masallacin Juma'a ƙanena na hagu, ni ina dama, gefen da yake gani da kansa. Bai taɓa faɗin dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Damina ta zo ta wuce, aka yi kaka, aka sake wata daminar.

Wata Juma'a mun fito ƙofar gida, ƙanena ya nufi wurinsa kamar kullum. Mahaifina ya tsaya, ya kama hannun rigata, ya zagayo da ni ta hagunsa. Muka yi 'yan taku sai ya ce, "Kai, wa ke zuwa?"

Na ce, "Mai gyaran keke ne, Baba. Yaro ne, shi zai gaishe ka."

Ya ce, "To."

Bai juya ya duba ba.