Shafin da Baba Ya Ƙone

Mun sha wahala, ba sai na yi mata ado ba. Shekarar da na gama firamare a Durun ita ce gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, mu kuwa da ma aljihun babu komai a ciki. Malamanmu suka yi wata da watanni ba albashi, suka rufe makaranta, hedimasta ya ɗaure katifarsa a bayan keke ya koma garinsu. Mun rubuta jarrabawar shiga sakandare, amma babu mai kawo mana sakamako. Sai aka ji a rediyo wai ba za a aika wa kowa takarda ba, za a buga sunayen waɗanda suka ci a jaridar Hausa ta mako-mako, kuma wanda bai kai kansa makarantar da aka tura shi ba cikin sati guda, a ba wani gurbinsa.

A duk unguwarmu mutum ɗaya ke sayen jaridar, Malam Iro tela. Da can masu sayen su biyar ne, tsada ta kori huɗu. In direba ya kawo masa daga Kano, sai ta bi hannu hannu, daga dagaci zuwa mai kemis zuwa mai shayi, kafin ta iso wa irinmu ta yi laushi kamar tsumma. Ranar Alhamis da la'asar, tsakiyar damina, layi ya zo kaina. Na zauna a zaurenmu na zare shafin tsakiya, sunaye ƙanana kamar tururuwa, ina bi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, don karatun nawa ba mai gudu ba ne. Na wuce ƙasar Bichi, na shigo ƙasar Gwarzo, na ga sunan wani yaron Garo da muka zauna benci ɗaya ranar jarrabawa. Daidai nan Inna ta ƙwala kira, awakinmu sun tsinke sun shiga gyaɗar maƙwabci. Na ajiye shafin a kan tabarma na fita da gudu. Dutse ɗaya ban ɗora masa ba.

Kafin in kora awakin iskar hadari ta taso. Ina dawowa na tarar da Baba tsugune a ƙofar gida da ashana a hannu, gabansa toka. Baba malamin allo ne, bai san boko ba, amma ya san aya ko daga nesa. Ashe a bayan shafin sunayen ne suka buga filin wa'azin Juma'a, da ayoyi da rubutun Larabci. Iska ta jefo shafin waje, kaza na takawa, shi kuwa ya yi abin da yake yi da kowace takarda mai aya in ya tsince ta a ƙasa.

Na ce, "Baba, sunana na ciki."

Ya ce, "Ka gan shi?"

Na ce ban kai wurin ba.

Ya tattara tokar a tafinsa ya ce, "Sunan Allah dai na gani a ƙarƙashin ƙafar kaza. In rabonka ne, zai same ka."

Bai same ni ba, ni na fita nemansa. Ranar Juma'a na taka da ƙafa har Kabo, na maƙale a bayan motar hatsi zuwa Gwarzo. Ofishin ilimi a rufe da kwaɗo, su ma suna yajin aiki. Mai jarida na tasha ya ce ta wancan satin ta ƙare, ragowar ya sayar wa masu ƙosai. Na bi su kasko kasko ina roƙo. Wata tsohuwa ta bar ni na tona buhun takardunta, na samu rabin shafin, sharkaf da mai, sunayen ƙasar Rano. Ɗaya rabin wani ya tafi da ƙosansa a ciki.

Har yau ban sani ba ko na ci ko na faɗi, kuma rashin sanin ya fi faɗuwar ciwo. Yanzu tsire nake sayarwa a Kabo, tsohuwar jarida nake naɗewa da ita. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a malamai suka zagayo suna cewa mu riƙa duba aya kafin mu naɗe nama. Na ce musu, "Malam, wannan karatun a gidanmu aka fara shi." Ina cire ayar, ina ƙonawa kamar Baba, ban ce ya yi laifi ba. Sai dai ni ina juya takardar in karanta bayanta tukuna. 'Yata kuwa bara a waya ta duba sakamakonta, tana kwance, ko tashi ba ta yi ba.

Ran nan da na dawo daga Gwarzo babu wanda ya tambaye ni komai. Washegari Asabar na mayar wa Malam Iro jaridarsa babu tsakiya, na ɗauki fartanya na bi Baba gona.