Fuskar Mai Yasar Rijiya da Na Sayar a Paris

Akwai abin da ya same ni tsakanin Paris da Lyon wanda ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Zan faɗe shi bi da bi yadda ya faru, don ni ba na son labarin da ake kamawa daga wutsiya.

Ni mutumin Damagaram ne. Karatuna bai yi nisa ba, a kwaleji, wato ƙaramar sakandare, na tsaya. Da na zo Faransa na samu aiki a wani depo na ajiyar kaya a Vénissieux, kusa da Lyon, ina jera kwalaye daga safe zuwa la'asar. Zane kuwa tun ina yaro nake yin sa. Shi ya sa ranakun Asabar da Lahadi nakan ɗauki zane-zanena da na buga a takarda mai kauri in tafi taron masu littattafan zane, wanda a nan ake ce wa salon. Ka kama tebur, ka jera kayanka, masu son aikinka su zo su saya, ka sa musu hannu a ƙasa. Da yawa daga cikinsu suna zuwa sanye da kayan jaruman da suke so, har da fuskar roba, don haka ganin dodo ya bi layi a irin wannan wuri ba abin mamaki ba ne.

A cikin zanena akwai guda da ya fi kowanne tafiya. Na sa masa suna Dodon Rijiya: mutum ne yana fitowa daga bakin rijiya, rabin fuskarsa a ƙone, ba kunnen hagu, haƙora zaƙo-zaƙo, da takalmin ƙaramin yaro a bakinsa. Abin da ban taɓa gaya wa mai saye ba shi ne, ban ƙirƙiro wannan fuska ba. A unguwarmu akwai wani mutum mai yasar rijiya, wanda fitila ta taɓa kamawa da wuta da shi a can ƙasa, ta cinye masa rabin fuska. Muna yara mukan bi shi da waƙa, in ya juyo mu watse. Yana da wata ɗabi'a: in aka zura shi cikin rijiya sai ya kama wata ƴar waƙa da hanci, baki rufe, ba kalma ko ɗaya. Masu riƙe da igiya a sama da ita suke sanin yana da rai. In ta tsaya, sai a ja shi da sauri. Fuskarsa na ɗauka yadda take, haƙoran da takalmin ne kawai nawa.

Saboda wannan zanen ne wani ƙaramin kamfanin buga littattafai ya neme ni. Suna son littafi guda a kan dodon, muka sa ranar sa hannu a salon na Lyon. A lissafina wannan takarda ce za ta raba ni da kwalayen depo.

Sati uku kafin ranar, na je wani salon a Paris. Maƙwabcin teburina wani Bakano ne da ya zo karatu ya zauna, shi ma mai zane. Mu da Kanawa abokan wasa ne, don haka tun safe yake kirana bawansa, ni kuma ina ce masa ɗan kasuwar da zai iya sayar da inuwarsa. Ranar Asabar ce, bayan azahar, zauren ya cika maƙil, hayaniya kamar ta tasha. Ina sa wa wata yarinya hannu sai ya taɓo ni.

"Bawana, ka yi suna! Ga dodonka can ya biyo ka har Paris. Ka tanadi kuɗin motar mayar da shi."

Na ɗaga kai. A ƙarshen layina akwai mutum tsaye cikin tsohon wando ɗaure da igiya a ƙugu, da fuskar Dodon Rijiya. Da farko daɗi na ji, don ba a taɓa yin shigar wani abu da na zana ba. Layin yana raguwa yana matsowa, daɗin nan yana raguwa tare da shi. Abu na farko da na lura da shi wari ne, warin laka ta ƙasan rijiya, wanda rabona da shi shekara ashirin. Na biyu, fuskar ba ta da haƙoran da na zana. Bakin mutum ne kawai, a rufe.

Da ya iso gabana na gaishe shi da Faransanci, na yaba aikin fuskar, na tambaye shi ko zai yarda mu ɗauki hoto. Bai amsa ba. Na sake da Hausa, nan ma shiru. Ya sunkuya yana duban zanen da ke jere a tebur. Sai na ji ta, a hankali, ƙarƙashin duk hayaniyar nan: waƙar hanci. Hawa uku, sauka ɗaya, yadda na san ta. Alƙalami ya faɗi daga hannuna. Zane ba ya da murya. Ban taɓa rubuta labarin waƙar nan a ko'ina ba, ban taɓa gaya wa kowa a ƙasar nan ba, har matata.

Ya ɗora yatsa a kan takalmin yaron da ke bakin dodon, ya daɗe a haka. Can waƙar ta tsaya cak. Wallahi a lokacin hannuna ya motsa da kansa, kamar mai neman igiyar da zai ja. Mutumin ya juya ya shiga cikin jama'a. Na miƙe in bi shi, amma tsakanin masu takubban kwali da masu fukafukai ban sake ganin ko ƙeyarsa ba.

Bakanon nan da bakinsa ba ya hutawa ya juyo ya dube ni. Can ya ce, "Wace irin waƙa ce wannan? Ta tayar mini da tsigar jiki. Ka san shi ne?"

Na ce ban san shi ba. Na tattara kayana tun ba a tashi ba, na kama jirgin ƙasa na koma Lyon.

Ni ba mutumin camfi ba ne. A sati ukun nan na zauna na jera wa kaina dalilai: ɗaliban Damagaram suna da yawa a Paris, wani ɗan unguwarmu ne ya so ya tsokane ni, laka kuma ana samunta a kowane lambu. Na yarda da dalilan nan da rana tsaka, amma ko a depo in injin ɗaga kaya ya yi wani irin ƙugi sai gabana ya faɗi. Abin da ban tambayi kaina ba ko sau ɗaya shi ne ko mutumin yana raye, da kuma ko ina da izinin abin da nake yi. Yau in na tuna wannan kunya nake ji.

Ranar Lahadin salon na Lyon na jera kayana tun da safe. Mutumin kamfanin zai zo da takardu bayan azahar. Idona yana kan layi ina neman fuskar roba, amma wadda ta zo ba ta rufe fuskarta da komai ba. Mace ce da ba ta wuce shekara talatin ba, da ɗankwali da babbar rigar sanyi. Ta yi mini sallama da Hausar garinmu, ta tambayi gida da aiki da sanyi, na amsa. Sannan ta ɗauki zanen dodon ta ɗaga.

"Malam, nawa ne babana?"

Na tambaye ta ko ita wace ce. Ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce, a Vaulx-en-Velin take zaune, nan gefen Lyon, kuma ita ce autar mai yasar rijiya. Yana nan da ransa, ya tsufa, ya makance. Wani ya ga zanena ya tura gida ta waya, ya zagaye unguwa. Ta ce, "Shekara da shekaru yara sun manta da shi, yana zama a ƙofar gida yana shan hantsi. Yanzu ƴaƴan waɗanda suka bi shi da waƙa sun dawo, har da jifa. Wata huɗu ke nan bai leƙa waje ba."

Na ce, "Ƙanwata, ke ce kika turo mutum Paris da fuskarsa?"

Ta dube ni kamar na zautu. "Wane mutum? Ni da nake aiki dare da rana ina na ga lokacin wasan yara?"

Na faɗa mata abin da ya faru, da ranar da ya faru. Ta ajiye zanen a hankali. Ta ce a wannan Asabar ɗin baban nata yana kwance bai san wanda ke kansa ba, kwana biyu ba ci ba magana, sai waƙarsa ta rijiya da yake yi da hanci. Mahaifiyarta ta hana kowa kuka, ta ce muddin ana jin ta yana nan. Bayan azahar waƙar ta tsaya, har an fara salati, sai ya buɗe baki ya nemi ruwa. Ni dai ga abin da na gani, ga abin da ta faɗa. Ban haɗa su ba, ban kuma raba su ba. Allah ne masani.

Ba tare da ta tambaye ni ba, ta kira gida, ta miƙo mini wayar. Muryar tsoho ta fito, siririya. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi ɗan wane ne, na faɗi sunan mahaifina.

"Af, ɗan tela! Sau uku na yashe rijiyar gidanku. Kai ne mai ɓata wa mutane bango da gawayi." Ya yi ƴar dariya. "An ce Turawa suna sayena da kuɗi. Ikon Allah. Ni da ba wanda ya taɓa son kallon fuskata kyauta."

Na ce, "Baba, na yi kuskure."

"An ce har takalmin yaro ka sa mini a baki. Yaro nawa na ci, ɗana? Ni dai na san biyu na fito da su daga rijiya, ɗaya da rai."

A tsakiyar zauren nan, gaban mutane, na durƙusa da waya a kunne kamar yana gabana, na roƙe shi gafara. Ya ce, "Na yafe maka. Amma yaran unguwa fa? Ni ba sa jin maganata. Kai da ka tashe su, kai za ka kwantar da su."

Daga nan abin da na yi a jere yake. Na kwashe zanen dodon gaba ɗaya daga tebur na mayar cikin kwali. Na sa ƴar tsohon ta ɗauke ni bidiyo a waya, na faɗi sunana da na mahaifina, na faɗi ko wane ne mutumin nan da aikin da ya yi wa unguwa, na ce ƙarya na zana, ta tura gida. Da mutumin kamfanin ya iso na gaya masa ba zan sa hannu ba sai in an sauya fuskar. Ya ce fuskar ce suke so, ita ce mai kama ido. Ya mayar da takardunsa cikin jaka, muka yi sallama, ban sake jin duriyarsu ba. Na ƙara shekara shida ina jera kwalaye.

Yaran ba su daina a rana ɗaya ba. Sai da limamin unguwa ya sa baki, dattawa suka tsawata. Wajen wata biyu bayan haka ƴar ta aiko mini da hoto: tsohon a ƙofar gida kan tabarma, ya miƙe ƙafafu a hantsi. Bayan shekara ɗaya da wani abu Allah ya karɓi abinsa.

Har yau ina zuwa salon, ina sayar da zane, ina sa hannu. Wanda ya tsaya gabana a Paris kuwa ban san ko wane ne ba, na kuma daina nema. Abin da na koya shi ne, fuskar mutum amanarsa ce, ba kayan da za ka tsinta a hanya ba ne don ka ga mai ita talaka ne ko yana nesa. Nisan da ke tsakanin Damagaram da Paris bai ɓoye ni ba. Duk mai riƙe alƙalami ya sani, kafin ya ci abinci da fuskar wani, ya je ya tsaya gaban mai ita ya tambaya. In ba zai iya kallon idonsa ya tambaya ba, to ya ajiye alƙalamin.