Za a Rufe Ɗakin Sista Hira

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakinta, na ƙarshe a barandar asibiti. Tebur ɗaya ne a ciki, da kujeru uku, da fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. Kafin ta zauna takan janyo kujerarta daga bayan tebur ta kawo ta kusa da ta mara lafiya. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka, ranar Juma'ar nan kuma za ta yi ritaya.

Abokan aikinta ne suka laƙaba mata Sista Hira, kuma ba yabo suke nufi ba. Sauran ɗakuna su sallami mutum talatin, ita tana kan na huɗu. Wajenta ake turo waɗanda suka gagari kowa: mai jin abu na yawo a kansa, mai bugun ƙirji, mai zafin cikin da aka auna aka sake aunawa ba a ga komai ba. Kowannensu da ledarsa cike da takardun gwaji. Takan zazzage ledar, ta jera takardun bisa kwanan wata, ta ɗauko wadda ta fi tsufa, ta tambayi mutum abin da ya faru da shi kafin wannan rana.

Mai shara ta ba ni labarin wata malamar makaranta da aka shigar ɗakin a keken guragu, bayan wata biyar ta dawo da ƙafafunta. Ni ba sai an ba ni labari ba, don na kai nawa.

Yayana magini ne. Shekara huɗu ya yi yana fama da ciwon cikin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga rawar hannu, har ya daina iya riƙe cokalin gini. An yi hoto, an ɗebi jini, an zura masa roba ta baki, ko'ina amsa ɗaya, wai lafiyarsa ƙalau. 'Yan uwa suka fara ƙus-ƙus cewa ƙyuyar aiki ce. Ni da nake rubutun nan na faɗa masa haka ido da ido, a gaban 'ya'yansa, kuma har gobe kunyar wannan rana ba ta sake ni ba.

Da aka tura mu ɗakin ƙarshe raina a ɓace yake, na ce mata mun zo neman magani ne, ba zance ba. Ko kallona ba ta yi ba. Ta jera takardun, ta ɗaga ta farko, ta tambayi Yaya abin da ya faru kafin ranar. Ya ce sati uku kafin nan ne katakon da suke takawa a saman gini ya karye da abokin aikinsa, ya faɗo ya rasu. Duk mun san da rasuwar, mun je gaisuwa ma, amma ba wanda ya taɓa haɗa ta da ciwon.

"Malam, ciwonka gaskiya ne, ba ƙarya kake yi ba," in ji ta. "Sai dai ba a ciki ya soma ba." Sannan ta ce in jira a waje.

Abin da ya faɗa mata a sa'a guda ɗin nan, har yau ban sani ba. Na dai ga ya fito idanu jawur. Ta haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa mai zuwa sau ɗaya a wata, aka ce tsananin damuwa ne, aka ɗora shi kan magani, ita kuma tana ganinsa duk sati biyu. Cikin wata bakwai ya koma hawa gini.

Sista, ke ce mai kunnen asibitin nan. Ke ce kika gaskata mutanen da iyalansu suka ƙaryata. Ba a taɓa ba ki lambar yabo ba, sai gorin cewa kina tsayar da layi.

Na tambayi babban jami'in asibiti wa zai gaje ki. Ya ce ba a turo kowa ba, ɗakin ma za a mayar da shi wurin ajiye kwalaye. Matasan ma'aikata ba sa son kujerarki, don ba a ƙarin girma da sauraro. Ban ga alamar wannan zai canza ba, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce na gani ba.

Tun da Yaya ya ji labarin ritayarki ya rage cin abinci, matarsa ta ce hannun ya soma rawa. Na ce masa sai mu nemi wani a wani asibitin. Ya girgiza kai.

"Ƙanina, sau ɗaya na iya faɗinsa. Ba zan iya somowa daga farko ba."

Na koma wajenki da wannan magana. Kika ce maganinsa kada ya yanke, sauran kuma aikinmu ne mu na gida, in zauna kusa da shi, in tambaya, in kama bakina.

Mun gode, Sista. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai albarka. Ku kuma masu farin kaya na asibiti, ko mutum ɗaya ne a cikinku ya daure ya yi koyi da ita, kafin ya ce wa mara lafiya ba a ga komai ba, ya tambaye shi me ya same shi. Na san abin da nake roƙo ba sauƙi gare shi ba. Jiya na je gidan Yaya da niyyar yin yadda ta ce. Na zauna kusa da shi, ya ɗago yana jirana, hannunsa na rawa a kan gwiwa. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko an dawo musu da ruwan famfo.