Malam Nasidi Mai Kati da Ragowar Ƙaron Buba

Da hantsi Malam Nasidi yake buɗe rumfarsa a bayan tashar Talata Mafara. Ya share ƙofa, ya fitar da bencin baƙi, ya jiƙa ƙaro a gwangwanin madara, sannan ya zauna jiran mutanen da ya san ba za su zo ba. Bencin nan ya fi duk wani benci a Mafara hutu. Akuyar maƙwabta ce kaɗai ke ziyartarsa kullum, ita ma kwali take nema.

Sana'arsa katin gaisuwa na hannu: na Sallah, na suna, na murnar dawowa daga Makka. Hatiminsa daga tsohon silifa yake sassaƙa shi da reza, jinjirin wata ko ganye ko raƙumi, ya dangwala a tawada ya buga a kan kwali. Sai ya yanko ƙyalle ko busasshen fure ya liƙa. A wajen liƙin nan ne ba a yi masa gardama. Sitacin rogo yana fumfuna da damina. Farin gam na shago yana sa takarda ta yi kumburi. Wanda ke kamawa nan take kuwa, na taɓa ba shi shawarar ya gwada, a matsayina na mai ilimin zamani. Ya miƙo min in nuna masa. Da kati manne a babban yatsa na yi sallar la'asar.

Shi ƙaro ya yarda da shi, yana ɗiga masa ruwan ganyen darbejiya don kyankyaso ya lasa ya tuba. Kuma ba kowane ƙaro ba, sai wanda amininsa Buba, makiyayi daga Damaga, yake tsinto masa a daji ya kawo ranar kasuwa. Tun da daji ya lalace Buba ya kora shanunsa ya bar ƙasar, babu wanda ya san inda ya sauka. Abin da ya rage ɗan ƙulli ne a tsumma, kuma Malam ya faɗa ya maimaita: ranar da ya ƙare zai rufe rumfa, ya bi 'yarsa Bushra Gusau.

Malama Hindatu, mai koyarwa a Bakura, har yau tana da katin da ya yi mata ranar da ta fara aiki. Jikokinta sun ja furen da ƙarfinsu, bai ɓamɓaru ba. Mutanen tasha kuma sun ga abin da ya yi lokacin da 'yan Gidan Goga suka kwararo gari da kayansu a ka. Duk matar da ta haihu a gudun hijira, sai ya tambayi sunan jaririn, ya buga kati ya kai da ƙafarsa. Dikko direba ya tsokane shi:

"Malam, mutanen ga hatsi suka nema, kai kana kai musu kwali?"

"Hatsin kai ka kai, Dikko, tunda kai am mai mota. Ni so nike in yaron ya girma ya ga shaidar an yi murna da zuwanai."

Washegari aka ga buhun gero a bayan motar Dikko.

Kai ne, Malam, mai gaida wanda gari ya manta da shi. Mu da waya ta lalata, hoton rago ɗaya muke tura wa mutum ɗari ranar Sallah, mu kwanta muna jin mun sada zumunci. Kai kuwa sai ka yini a kan katin mutum ɗaya, kana tuna irin launin da yake so. Ka gaida rabin Mafara, amma ban taɓa ganin kati ko ɗaya da aka aiko maka ba. Ni ma da nake wannan surutu ban aiko ba.

Bushra ta sayo masa ƙaro a kasuwar Gusau. Ya shinshina, ya mayar mata.

"Baba, ƙaro ai ƙaro ne."

"Wanga bai san ni ba, ɗiyata."

Ta gane ba liƙi yake magana ba, ta bar zancen.

Talatar da ta wuce ya kwance tsumman ya jiƙa na ƙarshe. Na kati ɗaya ne kacal. Ya buga masa farar saniya, ya rubuta sunan Buba, ya ba Dikko ya maƙala a gilashin mota, ko wani fasinja daga nesa zai gane sunan ya ce ya san inda yake.

Mun gode, Malam Nasidi. Allah Ya saka da alheri, Ya sada ka da amininka kuna masu rai. Ku kuma jama'ar Mafara da Bakura da Maradun, bayan Sallah zai tashi. Akwatin hatimansa ya ce ba na sayarwa ba ne, na wanda ya zo ya zauna ya koya ne. In ba za ku koya ba, ku je ku gaishe shi da bakinku. Har yanzu yana fitar da bencin kowace safiya.