Soson da Inna Take Wankewa

Mahaifiyata da datti ba sa ga maciji. Ranar da ta zo gidana a Gyaɗi-Gyaɗi, ta leƙa akwatin gilashin da nake kiwon kifin ado, ta zaro soson da ke tace ruwan, ta dirje shi da sabulu. Kwana uku, kifi biyu suka mutu.

Na ce, "Inna, a dauɗar nan akwai ƙwayoyin halitta masu cinye ƙazantar kifin. Da ruwan akwatin kawai ake ɗauraye shi."

Ta ce, "Ƙazami ba ya rasa hujja."

Sai na sayo wani soson a Tarauni, na rataye a bakin akwatin, na bar na ainihin a cikin ruwa. Har yau shi take dirza, tana gaya wa maƙwabta ita ta raya mini kifi.